Ƙarya A Kan Allon Thelma

SHAFI NA 19

Masu cewa an cika tsananta wa Neville, ku karanta wannan shafin har ƙarshe kafin ku sake tsaya masa.

*

Neville ya sake murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

"Ƙyale shi," in ji matarsa Glenys. "Baƙin man duk ya tsiyaye. Na fita na gani da idona, dutse ya fasa cikin motar."

"Bari in gwada sau ɗaya tak."

"Sau tara ke nan kana gwadawa sau ɗaya tak."

Motar na nan yadda ta zame awa biyu da suka wuce, hancinta cikin ramin gefen hanya, gindinta a sama. Da safe da suka hawo tsauni kamun kifi rana ake ƙwallawa, irin ta watan Fabrairu, tsakiyar lokacin zafi a ƙasar, har Glenys ta yi ta mitar ta manta hularta mai faɗi. Ƙarfe ɗaya sama ta haɗe rai. Ƙarfe biyu dusar ƙanƙara ta fara zuba. Yanzu huɗu da rabi, duk gilashin da ka duba fari fat, iska kuwa na jijjiga motar kamar tana neman wani a ciki.

Glenys ta waiwaya kujerar baya.

Mahaifinta Clarrie, mai shekara tamanin da huɗu, yana ƙudundune cikin bargon karensu. Tun da hantsi ya zame ya faɗa ruwa har ƙugu wajen jan kifi, ya kuma rantse ba mai ɗaga shi daga bakin tafkin sai ya kama na biyu. Dama saboda irin wannan taurin kan likita ya hana a sake hawa tsauni da shi sai da wanda ya san magungunansa. Abin da ya sa ke nan aka taho da Glenys, karo na farko a shekara talatin da ɗaya na aurenta.

Haƙoransa sai kaɗawa suke. Leɓɓansa sun fara yin shuɗi.

"Baba, ka ƙara daurewa kaɗan," ta ce, tana murza masa gwiwa. "Ƙarfe biyu Neville ya rubuta a allo za mu dawo. Ka san Thelma, ba ta ƙara wa kowa ko minti goma. Yanzu haka mutane na kan hanya."

Duk wanda ya tashi a garin nasu ya san allon nan. Yana rataye a ƙofar shagon Thelma, da alli ɗaure a igiya. Za ka hau tsauni, ka rubuta sunanka da inda ka nufa da lokacin dawowarka. In ka sauko ka goge da hannunka. In lokaci ya wuce sunanka na nan, Thelma ta ɗauki waya, maza su ajiye cokali, su ɗauki igiya da shebur su fita nemanka. Ba mai biyansu, ba kuma mai cewa ba shi da lokaci. Tsohon nan Clarrie shekara ashirin ya yi yana shugabantar masu neman, kuma da wuya ka sami namiji a garin da bai taɓa shan faɗansa a kan allon ba.

Glenys ta ga Neville ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ta ga mahaifinta ya dube shi ta cikin madubin, ya sauke kai. Kallon bai kai ƙiftawar ido ba, amma matar da ta yi shekara talatin tana wanke kwanon mutum ta san fuskarsa in ba shi da gaskiya.

"Mene ne?"

"Ba komai."

"Neville."

"Na ce ba komai. Sanyi ne."

"Sanyi ke sa ka kalli Baba kamar kun saci tunkiyar wani?"

Ya kama goge gilashi da hannun riga, gilashin da ba abin gani ta cikinsa.

Glenys ta gyara zama.

"Tsaya ma tukuna. Da safe ban ji mun hau gadar katako ba. Da dawowa mun hau. Da safe ba ka sauka ka buɗe wata jar ƙofar shinge ba. Wannan ba hanyar da muka hawo ba ce."

"Duk hanya ce."

"Ban tambaye ka ko hanya ce ba."

"Ta nan muke saukowa kullum."

"Don me?"

"Ta fi... ta fi daɗin kallo."

"Daɗin kallo." Ta buga gilashin da bayan hannu. "To kalla. Kalla ka more. Waccan da muka bi da safe, minti nawa ce zuwa kwalta?"

"Arba'in."

"Wannan fa?"

Ya kama sosa gemu.

"Da kai nake."

"Awa biyu da rabi. In ba ƙanƙara."

"Wato sama ta yi baƙi ƙirin, ga tsoho jiƙe sharkaf a bayanka, ka bar hanyar minti arba'in ka ɗauko ta awa biyu da rabi."

"Ke ba za ki gane ba. Waccan ta bayan gidan Athol take fita. Da asuba muna shigewa, fitila a kashe, yana barci. Amma in ya ga motata ta ɓullo ta nan da rana tsaka, gobe warhaka yana bin sawun taya."

Athol ɗin nan tun suna makaranta suke gasar kifi da Neville. Shekara ashirin yana neman inda surukan biyu ke samo kifi mai tsawon hannu, bai gano ba.

Glenys ta buɗe baki za ta yi magana, sai wani tunani ya faɗo mata.

"Neville. Me ka rubuta a allo?"

"Sunayenmu."

"Da me?"

"Ƙarfe biyu."

"Da me?"

"Glen, ki bari mu fita daga nan tukuna..."

"DA ME?"

"Babban Tafki. Gaɓar arewa."

"Babban Tafki na gabas."

"Haka ne."

"Mu ina muke?"

"Yamma."

"Nisa nawa?"

"Zai kai kilomita arba'in."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihun ma da ya fi masa sauƙi. Muryarta ƙasa ta yi, kowace kalma tana fitowa ita kaɗai.

"Awa biyu ina zaune a nan ina ce wa ubana ya daure, ana zuwa. Awa biyu kana ji na. Sau nawa na faɗa? Kana ji, kana murɗa makulli. Ba ka ce mini, Glenys, ba mai zuwa."

"Na zaci za ta tsaya. Ƙanƙarar Fabrairu ba ta daɗewa. Na ce in ta lafa sai in haƙe tayoyin..."

"Ka haƙe tayoyi ka tura mu da me? Da fitsarinka za ka cika injin?"

"Haba, Glen."

"Kada ka haba ni! Yanzu haka maza goma sha biyu sun bar 'ya'yansu, suna can suna lalube cikin wannan masifar, suna kiran sunanka a bakin ruwan da ba ka taka ba. Saboda me? Kifi! Kifin da in ka kawo ni ce mai fere shi, ni ce mai soyawa, rabinsa ya ƙare a bakin kare!"

Akwai irin mazan da ba za su ɗauki allurar wani ba, ba su sha su bugu, ba su ɗaga wa mace hannu, kowa a gari na yaba su. Amma akwai abu guda ƙarami da suka ɗora sama da kowa, ranar da aka zo kansa sai ka ga ashe duk kirkin na wajen da ba a taɓa musu abin ba ne. Neville na cikinsu. Ya sunkuyar da kai a kan sitiyari kamar wanda aka zalunta.

Daga kujerar baya wata murya ta fito, tana karkarwa.

"Ki... ki bar yaron nan."

"Baba, kai dai ka yi shiru ka adana ƙarfinka."

"Na ce ki bar shi. Ni na koya masa."

Glenys ta juyo gaba ɗaya, gwiwoyinta a kan kujera.

"Ka koya masa me?"

"Shekara hamsin ina rubuta Babban Tafki a allon nan. Tun zamanin uwar Thelma." Ya yi tari. "Ban taɓa jefa ƙugiya a cikinsa ba. Kifinsa ƙanana ne."

"Kai?"

"Ni."

"Kai da ka taɓa tsayar da mutum a gaban matarsa da 'ya'yansa, ranar Lahadi, a ƙofar coci, ka kira shi mai kisan kai don ya manta bai rubuta a allo ba? Ina nan tsaye, Baba. Mutumin nan har kuka ya yi."

"Shi bai san tsauni ba. Ni na san shi."

"Ga sanin nan ina gani, cikin bargon kare."

Tsohon ya ɗago kai. Duk da halin da yake ciki, idon nan da ya tsorata garin shekara da shekaru yana nan.

"Kin tuna tafkin bayan tsohon injin katako? Kina ƙarama na sha kai ki. Ruwa kamar gilashi. Wani sakarai ya sha ya yi tatil a mashaya, ya faɗi inda yake. Shekara biyu aka yi. Motoci, kwalabe, ledoji, mutane na kashi a bakin ruwa. Yau ko kwaɗo ba ya zama a ciki. Wannan kuwa ubana ya nuna mini, shi ma ubansa ya nuna masa. Ba ƙafar da ta taɓa taka bakinsa sai wadda mai ita ya rantse."

"Ni fa? Ni ban rantse wa kowa ba."

"Ke ai kin rufe ido."

Nan fa ta tuna. Da asuba, suna dab da barin kwalta, tsohon ya taɓo kafaɗarta yana dariya ya ce 'yar gidan Clarrie ta rufe ido, kada ta ga sirrin maza. Ita kuwa ta biye masa. Mace mai shekara hamsin da biyar, mai jikoki uku, ta ja rigar sanyi ta rufe fuska tana ƙyalƙyala dariya, tana tambaya ko ta buɗe, suna ce mata saura kaɗan. Har daɗi ta ji wai ubanta na wasa da ita kamar da.

Ashe ba wasa yake ba.

"Yaushe shi wannan ya rantse?" ta ce, ba ta ko kalli mijin ba.

"Ranar da ya zo neman aurenki."

"Me?"

"Ban tambaye shi aikinsa ba. Ban tambaye shi danginsa ba. Na kawo shi nan, na sa ya tsoma hannu a ruwan ya rantse. Na ce wanda ya iya riƙe wannan zai iya riƙe 'yata."

"Madalla. Wato ni kyauta aka ba shi, tafkin aka sa wa rantsuwa."

"Ya kuwa riƙe ku duka biyu."

"Yau za a ga wanda ya fi riƙewa."

Clarrie ya yi ɗan murmushi. Ya jingina da kujera, ya ture bargon daga ƙirjinsa.

"Ke dai faɗa, kamar uwarki. Ni kam na ma daina jin sanyin. Wani zafi-zafi nake ji."

Glenys ta dube shi da kyau. Haƙoran sun daina kaɗawa. Hannuwan sun kwanta lakwas a kan cinya. Maganarsa ta fara nauyi kamar ta mai jin barci.

Shi da kansa ya koya mata wannan, a kan teburin cin abinci, tun ba ta kai tsawon teburin ba. Muddin mutum na rawar sanyi, jikinsa na faɗa. Ranar da ya daina rawa ya ce zafi yake ji, ba ɗumi ya samu ba, jikin ne ya ajiye makami.

Ta mayar masa da bargon da ƙarfi, ta cusa gefensa ƙarƙashin cinyarsa.

"Neville. Oba-obar nan fa?"

Na'urar kiran tana nan maƙale ƙarƙashin rediyon motar, igiyarta a naɗe.

"Ba ta kamawa a nan."

"Ka kunna?"

"Na san wurin nan. Ba ta kamawa."

"Ka kunna, na ce, ko ba ka kunna ba?"

Ta miƙa hannu. Ya yi kamar zai tare, ta dube shi, ya janye.

Ta murɗa. Shuuu. Ta ƙara murɗawa. Shuuu. Sai ga murya, tana zuwa tana yankewa.

"...ville, Neville, Athol ne. In kana ji na ka amsa. Mun bi gaɓar arewa kaf, ba ku ba motarku. Na hau kan tudu ko za ka ji ni. Neville..."

Wata muryar ta shigo a kai.

"Athol, an sauko da Warwick. Ƙafar ta karye wuri biyu. Ya ce a gaya muku ku ci gaba, kada ku tsaya saboda shi."

Warwick mijin 'yar Thelma ne, yana cikin waɗanda suka fita nemansu. Sati uku ke nan da matarsa ta haihu.

Glenys ta kalli mijinta. Ta danna maɓallin magana.

"Athol! Athol, Glenys ce!"

"Glenys? Kai, Allah mun gode! Ke, kun tsinka mana hanji! Ina wannan dolon mijin naki? Tsoho fa?"

"Baba ya faɗa ruwa tun safe. Ya daina rawar sanyi, Athol."

Da Athol ya sake magana, ba sauran wasa a muryarsa.

"Tun yaushe?"

"Yanzun nan."

"To. Kuna ina?"

Ta buɗe baki. Sai ta ga ko sunan wurin ba ta sani ba.

"Muna... yamma. Mun wuce wata gadar katako. Da jar ƙofar shinge."

"Glenys, jar ƙofa a tsaunin nan ta fi ɗari. Me ya kai ku yamma? Allo ya ce... Bari dai. Miƙa wa Neville."

Ta dangwara wa Neville abin a ƙirji.

Ya riƙe shi kamar garwashi. Ya rufe bakin da tafin hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Glen, kowa na kan layin nan. Direbobin katako. Masu kifi. Har 'yan birnin Hobart da suka zo hutu."

"To su ji. Har Sarkin Ingila ya ji."

Ya danna.

"Athol, ni ne."

"Sannu, malam mai Babban Tafki. Za mu yi wannan maganar daga baya, ni da kai da surukar Warwick. Kana ina?"

"Ka san tsohuwar hanyar masu katako, wadda ta taso daga ƙasan kwazazzabo? In kun biyo ta, kun yi ta hawa, za ku same mu kafin..."

"Kana hauka ne? Kwazazzabon nan ya cika har wuya. Itatuwa uku sun faɗi a bakin hanyar, na ji a layi ɗazu. Ko da katafila muka zo ba za mu iso ku ba sai gobe da rana. Tsohon ba shi da gobe. Ba wata hanya?"

Neville ya saki maɓallin.

Iska ta bugi motar. Ƙanƙara ta riga ta kai rabin gilashin gefensa.

"Neville? Na ce ba wata hanya?"

Glenys ta fizge abin.

"Akwai! Akwai ta minti arba'in, ta bayan gidanka take! Ita muka bi da safe, ta bakin tafkin nasu, ba mu yi nisa da shi ba!"

"Ta bayan gidana?" Athol ya yi wata irin dariya marar daɗi. "Shekara ashirin ina neman bakin hanyar nan, Glenys. Na bi da ƙafa, na bi da doki, na bi da kare. Ba zan gan ta yau cikin wannan farin ba sai an nuna mini. Kin ga inda kuka shiga?"

"Ban gani ba."

"Kina cikin motar ba ki gani ba?"

"Na ce ban gani ba!" Hawaye suka zo mata, na takaici. Ta mayar wa mijin oba-obar. "Faɗa masa."

Daga kujerar baya tsohon ya ce, a hankali, kamar mai magana cikin barci:

"Ka rantse, Neville."

"Baba, ka rufe mini baki!"

Ba ta taɓa gaya masa haka ba tun da aka haife ta. Shi kuwa ko kallonta bai yi ba. Surukinsa yake kallo ta madubi.

"Hannunka cikin ruwan. Na riƙe maka wuyan hannu. Ka tuna abin da ka ce?"

"Na tuna, Clarrie."

"Don ni za ka faɗa? Ni na cinye shekaruna, har na ci na wasu. Tafkin bai cinye nasa ba. Ka faɗa a layin nan, kafin sati motoci sun yi layi."

"Neville," in ji Athol daga cikin oba-obar, "in don kifin ne, na rantse maka ba zan jefa ƙugiya a ciki ba."

"Ƙarya yake," in ji tsohon. "Uban Athol ma maƙaryaci ne."

Neville ya dafe goshi. Namiji ƙato, mai furfura a gemu, kafaɗunsa na rawa. Wanda bai san abin da ya yi ba sai ya ji tausayinsa. Glenys ta sani, ba ta ji ba.

"Dube ni," ta ce. "Ba madubi ba, ni. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa tambayarka inda kake zuwa ba. Ka fita da asuba, in haɗa maka shayi a filas. Ka dawo, in karɓi kifi. Matan gari na ce mini anya ba wata ce da shi a sama ba, ina dariya ina cewa na san mijina. Da ma wata ce, Neville. Da mace ce da na san da wa zan yi faɗa."

"Glen..."

"Ban gama ba. Ka riƙe rantsuwarka in kana so. Amma gobe kai za ka ɗauki gawarsa a kafaɗarka. Kai za ka tsaya gaban allon nan ka goge sunansa da hannunka, Thelma na kallo, matar Warwick na kallo da jariri a hannu. Daga nan ka hawo tafkinka ka zauna da shi, don gidana ba za ka ƙara taka shi ba."

"Kin ji ta," in ji Clarrie. "Barazana. Haka uwarta..."

Maganar ta narke a bakinsa. Kansa ya langwaɓe gefe, ya sake ɗagowa da ƙyar.

Neville ya ga wannan. Ya ɗaga abin zuwa bakinsa. Ya danna.

"Athol. Ka saurara da kyau. Daga bayan gidanka..."

Shuuuu.

"Athol?"

"...ba na j... yanke... sake..."

Shuuuu.

"Eriya ce," in ji Neville. "Ƙanƙara ta daskare a jikinta."

Kafin ya rufe baki Glenys ta zaro wuƙar fere kifi, ta banka ƙofa da kafaɗa, ta faɗa cikin farin. Ƙanƙara ta kai mata gwiwa. Iska ta mare ta har ta durƙusa. Da rarrafe ta gangara ramin zuwa hancin motar, ta laluba ta kamo eriyar, ta yi kauri kamar sandar rake, ta lanƙwashe. Ta kama kankarewa. Yatsunta sun daina jin wuƙar, ba ta daina ba. Ta miƙar da ita, ta riƙe da hannu biyu.

"Yanzu!" ta ƙwalla. "Gwada yanzu!"

Neville ya buɗe ƙofarsa, ya fito da rabin jiki waje yana jan igiyar, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, yana ihu don ya rinjayi iska.

"Athol! Kana ji na?"

"Ina ji! Faɗi!"

"Daga bayan gidanka ka bi shinge, kilomita uku! Za ka ga wani ƙaton kututture ƙonanne a hannun hagu!"

"Sake faɗa!"

"Ƙonannen kututture! Hannun hagu! Ba shi da saiwa! Ka ɗaura masa igiya ka ja, zai matsa! Hanyar na bayansa!"

"Kututturen nan? Wannan baƙin? Shege! Shekara ashirin ina tsayawa ina fitsari a jikinsa!"

"Ka bi ta cikin itatuwan turare! In ka iso rafi kada ka haye, ka shiga cikin ruwan ka yi sama, ƙasan dutse ne! Za ka ga tafkin a dama! Ka wuce shi, ka wuce gada, kilomita bakwai!"

"Rafi in yi me?"

Sau uku Neville na maimaitawa, tun daga shinge har gada. Duk tsaunin na ji. Glenys na riƙe da eriyar, idonta a rufe saboda iska, tana ƙirga kalmomin kamar mai addu'a.

"Na gane!" in ji Athol a ƙarshe. "Mota uku, da sarƙa a taya, da barguna. Awa biyu in Allah ya so. Ku sa shi tsakiyarku ku rungume shi. Kada ku bar shi ya yi barci, kun ji? Kada ku ɗauke ido daga kansa!"

Glenys ta saki eriyar. Ta hauro ramin tana dafa jikin motar, numfashinta na yanka mata ƙirji.

"Baba! Suna zuwa! Awa biyu, ka ji? Ka yi fushin ka gama, amma da ranka za ka..."

Ƙofar baya a buɗe take.

Bargon na kan kujera, ba tsohon. Jiƙaƙƙun takalmansa da ta cire masa suna nan a ƙasa, gefe da gefe.

Ta dubi ƙanƙarar. Sawun ƙafa, ba takalmi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na biyar ya fara cikewa. Na shida babu shi.

Sawayen ba gangara suka yi wajen gida ba.

Baya suka koma, wajen tafkin.